Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Tarayya kan yunƙurin halatta noman tabar wiwi

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai, musamman waɗanda ke wakiltar mazaɓun Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya yi riƙo da hannayenku a kan amanar da jama'a suka ɗora muku. Ni ma'aikacin jinya ne, na shafe sama da shekara ashirin a sashen masu taɓin hankali kafin in yi ritaya, kuma na rubuto wannan takarda ne da yawun wasu iyaye da malaman makaranta da dattawan unguwa da muke haɗuwa a birnin Kano duk ƙarshen wata domin duba halin da yaranmu suke ciki. Ba mu da ofis ko rajista. Abin da ya haɗa mu shi ne kusan kowa a cikinmu yana da ɗa, ko ƙane, ko ɗan maƙwabci wanda shaye-shaye ya taɓa.

Dalilin rubutun shi ne maganar halatta noman tabar wiwi, wadda take kwanciya ta sake tashi tun shekarar 2019, lokacin da marigayi gwamnan jihar Ondo, Rotimi Akeredolu, ya dawo daga ƙasar Thailand yana kira ga gwamnatin tarayya da ta shiga wannan kasuwa. A watan Maris na 2023 an kawo ƙudirin gaban Majalisar Wakilai da sunayen Benjamin Kalu da Olumide Osoba da Miriam Onuoha, aka yi muhawara mai zafi, sannan aka jingine shi. Ɗaya daga cikin masu ƙudirin ya zama Mataimakin Kakakin Majalisa bayan watanni kaɗan. A 2025 kuma shugaban hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Janar Buba Marwa, wanda ya daɗe yana adawa da halatta wiwi, ya ce hukumarsa ba ta ƙi a fitar da man wiwi zuwa ƙasashen waje a ƙarƙashin sa ido ba, muddin ba za a yi amfani da shi a cikin gida ba. Mun fahimci cewa maganar za ta dawo zaurenku, shi ya sa muka ga gara mu faɗi tamu tun kafin a kaɗa gudumar Kakaki.

Adalci ne mu fara da amincewa da cewa masu wannan ƙudiri ba su ce a bar matasa su riƙa busa hayaƙi a bakin titi ba. Abin da suke cewa shi ne a ba da lasisi a noma ganyen domin haɗa magani da sarrafa shi a masana'antu da samun kuɗin ƙasashen waje. Kuma a matsayina na ma'aikacin lafiya ba zan musanta cewa akwai magani a cikin wannan tsiro ba. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani da aka tace daga sinadarin CBD, wanda ake samu a jikin wiwi amma ba ya bugarwa, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ya fi kowanne tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Ƙorafinmu yana kan abin da zai faru idan aka dasa wannan doka a ƙasar da muke ciki, da hukumomin da muke da su, da asibitocin da muke da su.

Ƙorafinmu na farko shi ne lafiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A jihar Kano kaɗai an kiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Wannan adadi an same shi ne alhali doka ta haramta, ana kamawa, ana ƙona gonaki. Wiwin da ke yawo yanzu kuma ba irin wanda muka sani a farkon aikinmu ba ne, domin an samar da nau'o'in da sinadarin THC, wato wanda ke bugarwa, ya ninka a cikinsu, ga kuma wanda yara ke kira kolos, wanda ake haɗawa da sinadarai na roba. Wani babban bincike da aka yi a biranen Turai da Brazil, aka wallafa a 2019, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da ciwon rikicewar hankali kusan sau uku, idan kuma mai ƙarfin yake sha kullum haɗarin ya kusa ninki biyar. Masana sun daɗe suna kiyasin cewa kusan mutum ɗaya cikin goma da suka fara sha zai kamu da jarabarsa, a cikin waɗanda suka fara tun suna samartaka kuma kusan ɗaya cikin shida.

Waɗannan alƙaluma ina da fuskokin da nake gani idan na karanta su. Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha tara, mai koyon ɗinki, da mahaifiyarsa ta kawo mana a cikin a-daidaita-sahu, an ɗaure masa hannu da ɗankwalinta, yayyensa biyu suna riƙe da shi. Ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, yana cewa ƙarar keken ɗinki magana take yi masa, kuma maƙwabta sun haɗa baki da gidan rediyo suna zancensa. Kafin su zo wurinmu sun yi wata takwas suna yawo da shi wurin masu ruƙiyya da masu maganin gargajiya, domin kowa ya ce aljanu ne. Bayan mako shida ya dawo hayyacinsa har yana tsokanar ma'aikata, muka sallame shi, uwar kuma ta sayar da gadonta na aure kafin ta biya kuɗin magani. Wata uku aka yi suka dawo da shi, domin mai sayar masa da ganyen yana nan zaune a kangon da ke bayan gidansu. Ban ce duk wanda ya sha wiwi haka zai zama ba, da yawa suna sha suna tafiyar da harkokinsu, amma babu wanda ya isa ya duba fuskar yaro ya ce wannan zai tsira, wancan zai zauce, kuma wanda ya zauce ɗin a gidan talaka yake zaucewa.

To ina za a kai shi? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai ɗari uku ba, ga al'umma sama da miliyan ɗari biyu, kuma kullum ana jin wani ya tattara ya tafi Ingila ko Saudiyya. Manyan asibitocin masu taɓin hankali a Arewa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Wannan gibi ne ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari, kuma duk mun tuna abin da aka gani a wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari uku, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai su can ba mugunta ce ta sa su ba, rashin wurin zuwa ne. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka bayyana hakan a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar zamanin Turawa ta 1958, amma mu da ke ƙasa har yau muna jiran mu ga abin da dokar ta sauya a ɗakin kwanciyar marasa lafiya.

Ƙorafi na biyu, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne sa ido. Duk ƙudirin ya jingina ne a kan alkawarin cewa za a noma a cikin shinge, a ƙirga, a auna, a fitar waje, ba tare da ko ganye ɗaya ya tsallaka kasuwa ba. Muna roƙonku ku duba tarihinmu na kusa kafin ku karɓi wannan alkawari. Maganin tari mai kodin halastacce ne, kamfanoni masu lasisi ke yin sa, doka ta ce kada a sayar sai da takardar likita, amma sai da ya zama ruwan sha a gidajen biki da ɗakunan matan aure da makarantu, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan rahoton da BBC ta fitar ya tona yadda yake fita ta bayan gida daga hannun masu lasisin. Tiramadol ma magani ne mai rajista. Dokar taba sigari ta 2015 ta hana sayarwa ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara, amma a fita yanzu zuwa teburin mai shayi ko mai tireda mafi kusa, a aiki yaro ɗan shekara goma da naira ɗari, a ga ko zai dawo hannu rabbana. Idan ba mu iya tsare kwalbar da ke da lamba da sunan kamfani ba, da wane ƙarfi za mu tsare ganyen da ke tsirowa a daji, wanda na mai lasisi da na marar lasisi kamanninsu ɗaya? Jami'in da ya tare mota a hanyar Okene zuwa Lokoja yau ya san duk buhun wiwin da ya gani haramtacce ne. Ranar da aka fara ba da lasisi, direba zai miƙo masa takarda, kuma mun san yadda ake samun takarda a ƙasar nan.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin wiwin Najeriya a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti ake noma shi, amma kaso mai yawa a manyan motoci yake hawowa Arewa, a ɓoye cikin kayan abinci ko katako. Idan aka halatta noman, harajin da ayyukan yi za su tsaya inda gonakin suke, abin da ya zuba daga buhu kuwa a unguwanninmu zai sauka. Bugu da ƙari, tsarin mulki ya sanya batun magunguna da guba a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, saboda haka majalisun jihohinmu, har da jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, wadda ta haramta duk abin da ke sa maye, ba su da wata babbar ta cewa idan kun riga kun zartar.

Na uku shi ne tsaron rayuka. Wiwi yana rage saurin da direba ke taka birki, yana kuma dagula yadda yake auna tazara, kuma babu wata na'ura mai sauƙi ta busawa da ke nuna bugun wiwi a bakin hanya kamar yadda ake yi wa giya, domin sinadarin yana iya daɗewa a jiki kwanaki bayan mayen ya sake shi. Duk wanda ke shiga motar haya a tashoshinmu ya san abin da wasu direbobi da yaran mota ke yi a bayan rumfa kafin a tashi. Game da daba da ƙwacen waya, ba za mu ɗora wa wiwi laifin da talauci da zaman banza da 'yan siyasa masu raba makamai suke da kaso a ciki ba, amma mu da ke zaune a unguwannin mun san cewa matattarar da ake sayar da shi ita ce dai matattarar da ake raba ƙwaya, kuma daga nan ake fita. Akwai kuma ƙananan yara. A Amurka, bayan jihohi da dama sun halatta, adadin yara 'yan ƙasa da shekara shida da aka kai rahoton sun ci alewa ko biskit mai wiwi bisa kuskure ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021, a ƙasar da ke da dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa da lambar kiran gaggawa mai aiki.

Na huɗu shi ne kuɗin da ake kwaɗaita mana. Ana yawan kawo misalin jihar Colorado ta Amurka, wadda ta fara sayarwa a 2014, kuma gaskiya ne ta tara harajin da ya haura dala miliyan ɗari huɗu a 2021, sai dai daga baya ya riƙa raguwa, kuma wannan kuɗi daga aljihun masu sha na cikin gida ya fito. Wato misalin yana aiki ne kawai idan ana son 'ya'yanmu su zama masu saye, abin da masu ƙudirin suka ce ba shi suke nufi ba. Idan kuwa fitarwa waje ake magana, sai a dubi Kanada, wadda ta halatta a watan Oktoba na 2018: an noma fiye da abin da kasuwa ke buƙata, aka lalata tarin ganyen da ya rasa mai saye, hannun jarin manyan kamfanonin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari, aka sallami dubban ma'aikata. Lesotho ta fara ba da lasisi tun 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Ghana ta halatta noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, bayan kai-komo tsakanin majalisa da Kotun Ƙoli daga 2020 zuwa 2023. Kasuwar ta cika da masu sayarwa tun kafin mu ɗaura ɗamara, kuma mai saye a Turai ba ya karɓar kayan magani sai sun cika ƙa'idoji masu tsauri. Mu da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, ya kamata mu yi wa kanmu faɗan gaskiya. Kuɗin lasisi da shinge da ɗakin gwaje-gwaje kuma ba na ƙaramin manomi ba ne, masu hannu da shuni da abokan hulɗarsu na waje ne za su kwashe.

Ita kanta Thailand da aka je koyo, ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a watan Yuni na 2022 da sunan magani da noma, cikin ƙanƙanin lokaci dubban shaguna suka buɗe, har a watan Yuni na 2025 gwamnati ta koma ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita. Idan zare da igiyar da ake samu daga tsiron wiwi ake nema, muna da rama da auduga, kuma masaƙun Kaduna da Kano suna nan a rufe shekara da shekaru. Idan dala ake nema, riɗi da zoɓo da citta da ƙaro suna da masu saye a waje tuntuni, abin da manomansu ke kuka da shi shi ne tsadar taki da rashin hanya da 'yan bindiga.

Kada a ɗauka muna cewa halin da ake ciki yanzu daidai ne. Tun 1966 aka yi dokar soja mai hukuncin kisa a kan noman wiwi, aka kafa NDLEA a 1989, dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ƙwaya ko yana sha, amma duk da haka masu sha sun haura miliyan goma. Na ga yaran da aka kama da ƙulli ɗaya suka yi watanni a gidan yari suna jiran shari'a, suka fito sun koyi abin da ba su sani ba, makaranta ta kore su, maigidan da ke koya musu sana'a ya ce kada su dawo. Babban dila kuwa yana da lauya. Wannan ma ƙorafi ne, kuma a gabanku yake, domin ku ne masu gyaran doka.

Saboda haka muna roƙonku, da girmamawa, kada ku amince da duk wani ƙudiri da zai buɗe noman wiwi na kasuwanci, ko da sunan fitarwa waje ne, har sai an nuna muku a zahiri, da rahoton da jama'a za su iya karantawa, cewa an shawo kan zirarewar magungunan da ke da lasisi a yanzu. Idan likitoci sun tabbatar akwai marasa lafiya da ke buƙatar maganin da aka tace daga wiwi, a bi hanyar da ake bi da sauran magunguna masu haɗari irin su mofin, wato a yi masa rajista a NAFDAC, a shigo da adadin da aka ƙayyade, a ajiye shi a asibiti, wannan ba ya buƙatar ko kadada ɗaya ta gona.

Muna kuma roƙon ku gyara dokar NDLEA ta yadda za ta bambanta mai fatauci da yaron da jaraba ta kama, a ba alƙali ikon tura mai sha wurin magani da koyon sana'a maimakon gidan yari, a bar tsananin hukunci ga masu noma da safara da waɗanda ke ba su kariya. Wannan gyara ba zai yi amfani ba sai akwai inda za a tura su, don haka muna so mu ga kuɗi a rubuce a kasafin shekara mai zuwa domin aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, da buɗe sashen gyaran masu shaye-shaye a manyan asibitocin jihohi, da wurin mata daban, tunda binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce, kuma su ne aka fi ɓoyewa a gida saboda gudun abin kunya. A sa magungunan taɓin hankali cikin inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, a kuma ba da kuɗin sake yin binciken shaye-shaye na ƙasa, domin duk wata shawara da za ku yanke yanzu a kan alƙaluman 2018 za ta tsaya.

A ƙarshe, idan ƙudirin ya dawo kuma ya tsallake karatu na biyu, muna roƙon kada zaman jin ra'ayin jama'a ya tsaya a ɗakin taro na Abuja, inda masu neman lasisi ne kawai ke da kuɗin jirgi da otal. A kawo zaman Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, a fassara ƙudirin zuwa Hausa, a karanta shi a gidajen rediyo, a gayyaci likitocin ƙwaƙwalwa da malaman addini da sarakuna da shugabannin direbobi da iyaye mata, kuma ranar ƙuri'a a kira sunan kowane ɗan majalisa ya faɗi matsayinsa a rubuta, maimakon ƙuri'ar murya. Idan aka sanya ranar zaman Kano, za mu zo, kuma mahaifiyar yaron da na ba ku labari ta ce za ta biyo mu.

Allah ya ba ku ikon sauke nauyi.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya, a madadin iyaye da dattawan unguwa,
Kano.